Maki na hawa, ilimi na tsaye: abin da ƙirƙirarriyar basira ke yi wa ƙoƙarin ɗalibi

A ƙarshen shekarar 2023, wasu masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun shiga wata babbar makarantar sakandare a Turkiyya da tambaya guda: idan ɗalibi ya yi atisayen lissafi da manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, shin karatun zai fi zama a kansa? Yara kusan 1,000 ne suka shiga gwajin, 'yan aji 9 zuwa 11, aka kasa su gida uku. Rukunin farko littafi da takardun darasi kawai aka bar musu, kamar yadda aka saba. Rukuni na biyu aka ba su manhajar GPT-4, wato injin da ke ƙarƙashin ChatGPT a lokacin, a sake, su tambaye ta duk abin da suka ga dama. Na uku ma ita aka ba su, sai dai an sa mata linzami: an cusa mata amsoshin da malamai suka shirya da irin kurakuran da yara suka fi yi, aka kuma umarce ta da ta riƙa haska wa yaro hanya kaɗan-kaɗan, kada ta faɗa masa amsa.

Lokacin atisaye na'ura ta yi rawar gani. Masu manhajar sake sun fi 'yan littafi maki da kashi 48 cikin 100, masu mai linzami kuwa suka zarce da kashi 127. Da a nan aka tsaya, da an kira 'yan jarida an yi shela. To amma kowane zama da jarrabawa yake ƙarewa, a rufe kwamfuta, a ajiye littafi, kowa tasa ta fisshe shi. A nan ne reshe ya juye da mujiya. Waɗanda suka yi atisaye da manhajar sake suka faɗo ƙasa da 'yan littafi da kashi 17. Su kuma masu mai linzami, duk da wancan tashin gwauron zabi, kunnen doki suka yi da yaran da ko taɓa na'urar ba su yi ba.

Hamsa Bastani, ɗaya daga cikin masu binciken, da abokan aikinta ba su tsaya kan maki ba, sai da suka bi hirarrakin da yaran suka yi da manhajar. Mafi yawan abin da 'yan rukuni na biyu suka riƙa yi shi ne su liƙa tambaya su ce a ba su amsa, su kwafe. Manhajar kuma a kusan rabin tambayoyin amsar da ba daidai ba take bayarwa, yara na kwashewa ba tare da sun lura ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da aka tambaye su, 'yan rukuni na biyu ba su ji a jikinsu cewa sun yi asarar komai ba. 'Yan rukuni na uku ma sun yi imanin sun fi kowa cin jarrabawar, alhali ba su fi ba.

Tun da ChatGPT ya fito a ranar 30 ga Nuwamban 2022, yawancin hayaniyar da ake yi a makarantu a kan satar amsa ce. Hukumar makarantun birnin New York ta haramta shi a Janairun 2023, ta kuma janye haramcin a watan Mayun shekarar. Ni a ganina satar amsa ita ce ƙaramar matsalar. Tsohon ciwo ne, kuma mai yin ta ya san abin da yake yi. Tun kafin a haifi wannan fasaha akwai ɗalibin da ke biyan kuɗi a rubuta masa kundin kammala digiri a shagunan buga takardu na bakin jami'a, akwai mai kwafe jingar abokinsa har da kuskuren rubutu. Sabon abu shi ne ɗalibi mai gaskiya, wanda ya zauna da niyyar karatu, ya kwashe awa biyu yana tambaya ana ba shi amsa, yana gyaɗa kai, ya tashi cike da tabbacin ya gane, alhali babu abin da ya zauna. Bai cuci kowa ba, shi ya sa babu mai kama shi, kuma shi kansa ba shi da dalilin zargin kansa.

Aikin gida da malami ke bayarwa abu biyu yake yi a lokaci guda. Yana nuna wa malami inda ɗalibi ya tsaya, sannan yin sa ɗin shi ne karatun. A da ba a iya raba su: in ka ga takarda mai kyau, to wani ya yi gumi a kanta, ko da kuwa ba mai sunan ba ne. Yanzu ana iya samun takardar ba tare da gumin kowa ba.

Me ya sa sai an sha wuya?

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da amsa wannan, tun kafin a san za a yi wata manhaja mai hira. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun zama huɗu. Wasu kuma zama ɗaya suka karanta, sannan aka karɓe takardar, aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku, ba tare da an gyara musu ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaita karatu kashi 40 cikin 100 suka tuna, waɗanda aka tilasta wa lalubo abin daga ka suka tuna kashi 61. Kuma masu maimaitawar su ne suka fi kowa bugun ƙirji cewa za su tuna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da mutum ya matsa wa kansa ya zaƙulo abu daga ƙwaƙwalwa, ko ya harhaɗa jimla da kansa, ko ya gwada wata hanya ta ƙi ya koma ya sake, hanyar da ke kaiwa ga wannan ilimin tana ƙara faɗi a kansa. Karanta amsar da wani ya shirya ba ya yin wannan aikin. Abin da yake bayarwa shi ne sabo: ido ya saba da kalmomin, sai zuciya ta ɗauka sani ne. Robert Bjork, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya yi bayani tun 1994 cewa akwai wahalhalun da ke rage saurin ɗalibi a yau amma su ne ke sa abin ya daɗe, kuma ɗalibai da malamai duka sukan guje su saboda suna kallon sakamakon nan take.

An sake ganin haka a ajin fiziya na Jami'ar Harvard, a wani bincike da aka wallafa a 2019. Ɗalibai sun zauna a lacca mai daɗi wadda gogaggen malami ya tsara tsaf, a wani zaman kuma aka sa su kokawa da tambayoyi da kansu kafin a yi musu bayani. Da aka tambaye su, sai suka ce a laccar suka fi ƙaruwa. Da aka gwada su, sai ga shi a zaman kokawar suka fi koyo. Wato jin an gane da ganewar kanta suna iya raba hanya, har ma su juya wa juna baya.

Duk wanda ya taɓa zama gaban alaramma ya san wannan ko da bai san sunan Bjork ba. A tsangaya ba a wanke allo don almajiri ya ce ya iya, ko don ya karanta yana kallo bai yi tuntuɓe ba. Sai ya kifa allon ya kawo hadda. Bayan nan ga tilawa, ana komawa baya kullum don kada na jiya ya zube, kuma wanda ake ce wa ya haddace da gaske shi ne mai iya zama ya rubuta da ka. Ba ina cewa hadda ita ce fahimtar kimiyyar sinadarai ba, kowanne da irin aikinsa. Amma ƙa'idar da ke ƙasa ɗaya ce, abin da ka iya shi ne abin da ke fitowa bayan an ɗauke rubutun daga gabanka. Manhajar hira allo ce da ba a taɓa kifawa.

Ita kuma ba laifinta ba ne, haka aka gina ta. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata, sannan aka hore ta da ta riƙa ba da irin amsar da mutane suka fi so. Mutane kuwa amsa cikakkiya, mai santsi, mai sauri suke so. Malamin ƙwarai yakan yi shiru ya bar ka ka yi ta fama, yakan mayar maka da tambayarka, wani lokaci har ka ji haushinsa. Manhajar da aka yi don kasuwa ba za ta so ka ji haushinta ba. Ma'aikacin banki ko ɗan kasuwa da ke son wasiƙa cikin minti biyu, wannan hali alheri ne gare shi, domin shi wasiƙar yake bukata. Ɗalibi kuwa ba takardar yake bukata ba, canjin da rubuta ta zai yi masa yake bukata, ko da bai sani ba.

Wasu binciken sun zo da abin da ya yi kama da na Turkiyya a fagen rubutu. A ƙasar Sin an gwada ɗaliban jami'a 117 da aka sa su gyara rubutunsu na Ingilishi, wasu da ChatGPT, wasu da taimakon ƙwararren malami, wasu da jerin abubuwan dubawa, wasu kuma su kaɗai. Masu ChatGPT ne suka fi samun ƙarin maki a rubutun, amma da aka auna abin da suka ƙaru da shi na ilimin batun, ba su fi sauran ba. A cibiyar MIT ta Amurka kuma, a 2025, Nataliya Kosmyna da tawagarta sun sa mutum 54 rubuta insha'i, an maƙala musu na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa. A zaman farko, 15 daga cikin 18 da suka yi amfani da ChatGPT sun kasa kawo jimla guda daidai daga rubutun da suka miƙa mintoci kaɗan da suka wuce. Wannan binciken ya yi ta yawo a Facebook da WhatsApp da kanun labarai masu cewa manhajar na ruɓar da ƙwaƙwalwa. Wannan zuzutawa ce. Mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma su kansu masu binciken sun roƙi a daina faɗin haka. Abin da za a iya ɗauka a ciki mai sauƙi ne: rubutun da bai bi ta kanka ba, ba zai zauna a kanka ba.

Akwai masu cewa ai haka aka yi ta kururuwa lokacin da kalkuleta ta shigo aji, ga shi duniya ba ta tashi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Kalkuleta tana karɓar mataki ɗaya ne na aikin, kai ne za ka san me za a ninka da me, kuma don me. Sannan ba ta yi maka ƙarya. Manhajar hira tana iya karɓar aikin tun daga fahimtar tambaya har zuwa sa aya ta ƙarshe, kuma idan ta yi kuskure, da irin muryar tabbacin da take faɗin gaskiya take faɗin sa. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira, har da sunaye da lambobi, alhali ba a taɓa yin su ba. Lauyoyi ke nan masu lasisi. Ina ga ɗan aji ɗaya a jami'a? Kuma ko kalkuletar ma, makarantun kirki ba sa miƙa wa yaro ita sai ya iya jadawalin sau da ka.

Inda abin ya yi amfani

Duk da haka, wanda ya ce a kulle ƙofa a jefar da makulli bai kalli dukkan hujjojin ba, kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarfinsu daga Najeriya ta fito. A watannin Yuni da Yulin 2024, Bankin Duniya da gwamnatin Jihar Edo sun gudanar da wani shiri na mako shida a makarantun gwamnati na birnin Benin. Ɗaliban ajin farko na babbar sakandare aka yi wa ƙuri'a. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu suna tsayawa bayan an tashi, sau biyu a mako, su shiga ɗakin kwamfuta su koyi Ingilishi da manhajar hira ta Microsoft Copilot. Bibbiyu suke zama. Malami na tsaye a kansu, shi ke buɗe darasi da umarnin da aka tsara don manhajar ta riƙa jan yaro da tambayoyi, shi ke jan kunnensu cewa tana iya shirga ƙarya, kuma a ƙarshen zama a tattauna abin da aka koya. Ga ɗaukewar wuta, ga yankewar intanet a tsakiyar damina, amma aka daure.

Jarrabawar ƙarshe da biro da takarda aka yi ta, babu na'ura. Yaran shirin suka fi takwarorinsu da tazara mai yawa, wadda masu binciken suka kwatanta da abin da akan koya cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a irin tafiyar da makarantun suka saba. Har a jarrabawar ƙarshen shekara ta makaranta an ga bambanci. Wanda ya fi halartar zaman ya fi ƙaruwa, kuma 'yan mata, da suka fara a baya, sun rage tazarar da ke tsakaninsu da maza.

Sai dai a yi hattara da wannan "shekara biyu" da ake ta yaɗawa. Kwatancen yana nuna ƙarfin shirin, amma yana kuma tona asirin yadda karatu ke tafiyar hawainiya a makarantun da aka auna da su. Sannan yaran da ba su shiga ba, gida suka tafi, ba a ba su wani ƙarin darasi ba. Don haka ba za a iya tsame rabon manhaja daga rabon ƙarin awanni da kulawar malami da zama da aboki ba. Abin da Edo ta tabbatar shi ne haɗin gaba ɗaya yana aiki. Ba ta tabbatar da cewa yaro shi kaɗai a ɗaki da wayar yayansa zai samu haka ba.

A Harvard ma, a 2023, Greg Kestin da Kelly Miller sun gina wa ɗaliban fiziya 194 wani mataimaki a kan GPT-4, suka ba shi amsoshin daidai, suka hana shi zubo bayani gaba ɗaya, sai mataki bayan mataki, yana neman ɗalibi ya fara gwadawa. Ɗaliban sun koyi fiye da ninki biyu na abin da suka koya a aji, cikin lokacin da bai kai na ajin ba.

In aka jera Turkiyya da Edo da Harvard, injin da ke ƙasa kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya yi aikin tunani. Inda aka tsara abin yadda yaro ne zai yi ta gwadawa manhaja na yi masa gyara, an samu riba, ko aƙalla ba a yi asara ba. Inda aka bar yaro da akwatin da ke ba da amsa, ya karɓi amsa. Kuma kada a ce yaran Turkiyya malalata ne. Kowa aka ajiye masa gajeriyar hanya ga agogo na tafiya, ita zai bi. Ko a rukunin mai linzami, a tuna, ribar ba ta wuce a ce ba a faɗi ba. Linzami kaɗai yana hana ɓarna, amma kafin a ga ƙaruwa sai an haɗa da tsarin darasi mai kyau.

Yanzu a dubi wace iri ce ke hannun ɗalibanmu. Tun Afrilun 2024 Meta AI, mai hira irin na ChatGPT, ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya da Ghana, ba sai an sauke wata manhaja ba, ba sai an biya ba, data kaɗan yake ci. Wato irin ta rukuni na biyu ce ta iso aljihun kowa, sakakkiya, babu malami a kusa. Irin ta Edo kuwa tana bukatar ɗakin kwamfuta da wuta da malamin da aka horar. A Birtaniya, wani bincike da HEPI, cibiyar nazarin manufofin ilimi mai zurfi, ta yi a 2025 ya nuna kashi 92 cikin 100 na ɗaliban digirin farko suna amfani da irin waɗannan manhajoji, daga kashi 66 a shekarar da ta gabata. Duk malamin da ke duba jinga a manyan makarantunmu ya ga alamun guguwar ta iso: Ingilishi sumul, sakin layi a jere kamar an auna da ma'auni, daga ɗalibin da in ka tsayar da shi a baranda ka ce ya faɗa maka abin da ya rubuta sai ya hau sosa ƙeya.

Akwai wani rashin adalci a ciki da ba a cika faɗa ba. Wanda ya riga ya san abu shi ne ke iya gane inda manhaja ta kauce, ya yi mata gardama, ya tace abin da ta ba shi. Wanda bai da tushe ba shi da abin da zai auna amsar da shi, sai ya haɗiye duka. A Edo ma an lura cewa yaran da suka fara da ƙarfi sun fi cin riba. Ga ɗalibin da ya taso da Hausa a gida, ya zo yana karatu da Ingilishi ko Faransanci, abin kaifi biyu ne. Zai iya cewa a sauƙaƙa masa sakin layi mai wuya, a sake masa bayani sau goma ba tare da an yi masa tsawa ko 'yan aji sun yi masa dariya ba, kuma wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga wanda kunya ke hana shi ɗaga hannu. Amma kuma shi ne ya fi kowa fuskantar jarabar miƙa wa na'ura rubutun gaba ɗaya, domin a nan ne rauninsa yake, ga shi kuma ta rubutun ne kaɗai harshen zai faɗa masa. Sai ya kammala da takardu masu kyau da harshen da bai motsa daga inda yake ba. In ya koma tambaya da Hausa, amsar takan fi rauni, tunda rubutun Hausa da aka ciyar da manhajojin bai kai ko kusa da na Ingilishi ba. Mai neman nassi ko tarihin ƙasar nan sai ya ninka taka-tsantsan, don takan jingina magana ga littafin da bai faɗe ta ba.

To, a kama su mana?

Nan ne makarantu da yawa suka fara dosa, kuma hanyar ba ta ɓulle ba. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da manhajar gano rubutun na'ura a farkon 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda rashin inganci. Kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun na'ura ta riƙa kamawa. Wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai da rubutun ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su, sai suka yi wa fiye da rabin rubutun, kimanin kashi 61, tambarin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta da hannunsu. Dalili kuwa, mai koyon harshe yakan yi amfani da kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙi, abin da manhajar ke ɗauka alamar inji. Ma'ana ɗalibin Kano ko Damagaram da ya yi gumi ya rubuta nasa ya fi shiga haɗarin a zarge shi, mai wayon da ya ce wa na'ura ta sauya salo kuma ya wuce salin-alin. Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka ta kashe irin wannan manhaja tun Agustan 2023 saboda wannan fargaba.

Abin da ya rage wa ɗalibi, in da gaske ilimin yake nema, shi ne ya kula da abin da ke zuwa farko. Ya fara gwada tambayar da kansa, ko da minti goma sha biyar ne, ya rubuta abin da ya iya komai muninsa, sannan ya kai wa manhaja ya ce ta nuna masa inda ya kauce ba tare da ta gyara masa ba. Ya mayar da ita mai yi masa tambayoyi: ya ba ta babin da ya karanta, ta yi masa jarrabawa, ya amsa da ka. Ya yi mata bayanin darasi kamar shi ne malamin, ta nemo ramukan da ke cikin bayaninsa. Bayan an gama, ya kife wayar ya ɗauki farar takarda ya ga me zai fito, gobe ma ya sake. A gwajin MIT, a zama na huɗu, waɗanda suka fara rubutu da kansu kafin a ba su ChatGPT sun fi tuna abin da suka rubuta a kan waɗanda suka fara da shi aka karɓe daga baya. Mutum 18 ne kacal suka kai wannan zaman, don haka ba hujja ce mai nauyi ba, amma ta dace da abin da aka sani tun binciken Roediger.

Sai dai in faɗi gaskiya, nasiha ga ɗalibi ita ce mafi arha a cikin maganin, kuma mafi ƙarancin tasiri. Yaro mai kwasa-kwasai tara, da jinga huɗu a mako guda, ga neman abin sawa a baki, ba zai zaɓi doguwar hanya don an ce masa tana da albarka ba, muddin maki a kan takardar ake bayarwa. Ɗalibai suna bin inda maki yake. In maki na kan abin da na'ura ke iya yi cikin daƙiƙa talatin, an riga an gaya musu abin da za su yi.

Ta wani ɓangaren tsarinmu yana da ɗan kariya da wasu ƙasashe suka yi sakaci da ita. A yawancin jami'o'in Najeriya kashi 60 ko 70 na maki daga jarrabawar zaure yake fitowa, biro da takarda, mai sa ido na zagayawa. Wanda na'ura ta yi wa jinga zai haɗu da gaskiyarsa a can, kamar yaran Turkiyya. Amma kariyar tana zuwa a makare, bayan zangon ya ƙare, kuma jarrabawar da ke neman a amayo takardun malami kalma da kalma ba ta auna tunani. Inda ƙofa take a buɗe sosai shi ne kundin kammala karatu, daga digirin farko har na uku, wanda shi ne wurin da ake sa ran ɗalibi zai koyi yin bincike da gina hujja da kansa.

Gyaran da ake ta ambata sananne ne: a riƙa yin wani ɓangare na rubutu a cikin aji, a nemi ɗalibi ya kawo daftarin farko da na biyu a ga yadda tunaninsa ya sauya, a ba da aikin da sai an je kasuwa ko gona ko asibiti an tambayo mutane, a tsayar da shi minti biyar ya kare abin da ya miƙa da bakinsa. Duka suna aiki, kuma duka lokacin malami suke ci. Malamin da ke da ɗalibai 500 a kwas guda, in ya ba kowa minti biyar, ya haura awa 41 yana sauraro, mako guda cur na aiki, a kan jinga ɗaya tak, ban da sauran kwasa-kwasansa da ɗaliban da yake duba wa kundi. Jami'o'in da suka fara wannan gyara a waje suna da mataimakan malamai da ƙananan azuzuwan tattaunawa da ake raba nauyin a kansu. A wurinmu, kafin a kai ga maganar wace manhaja za a saya ko a hana, sai an fara zama a kan yawan ɗaliban da ake tara wa malami ɗaya, da kuma ko za a ɗauki ɗaliban digiri na biyu da na uku a biya su su riƙa zama da ƙananan rukunai.